Kafaran Manzo da Bedi Dubu Takwas da Ɗari Shida da Talatin da Uku

A shekarar 1961, cikin watan Maris, na fara haɗuwa da Manzo. An ɗauke ni aikin komi a ma'aikatar gandun daji ta Tawa, wato mai rubuta takardu da riƙe rajista, ina da shekara ashirin da uku. Ranar da na iso, na jingina kekena a katangar lambun da ake renon itatuwa. Wani dogon mutum mai tsohuwar rigar soja ya taho, ya ɗaga keken ya gyara masa tsayuwa har ya daidaita da gwangwanayen ban ruwa da ke jere a gindin katangar. Sai da ya ja baya ya duba, sa'annan ya yi mini sannu da zuwa. Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki tare, kuma ban tuna mako guda da ya wuce bai ƙular da ni ba.

Mutumin Afala ne, ɗan manoma. An kwashe shi soja a zamanin Faransa, ya yi shekara huɗu a yaƙin Indoshin, ya komo a 1956 da muƙamin kafaran, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, amma ban taɓa kama shi da kuskuren ƙidaya ba. Da gomiya yake ƙirga, irin ta tsofaffin Adar. Shi ne babban mai lambu, da lebura huɗu a ƙarƙashinsa, kuma komai na lambun a sahu yake: hauyoyi, gugunan rijiya, har takalman leburan in sun tuɓe.

Ɗan mishan yake kirana. Gaskiya ne, makarantar mishan na yi can kudu, shekara bakwai, bisa sharaɗin da mahaifina ya gindaya cewa ba za a hana ni salla ba. Wata tsohuwar baturiya mai tabarau ce ta koya mana lissafi a ƙarƙashin rumfar kara. Har yau in na ji ƙamshin alli sai in tuna yadda take duƙawa a kan allona, ta sa farce a daidai wurin da na kauce. A ajinmu ba wanda ya fi ni rabawa. Da wannan alfahari na zo Tawa.

A daminar 1963 aka kawo mana sabon shef, Attahiru, saurayi mai zafin nama da bai fi ni da shekara biyar ba. Ya ƙudura a dasa gandun bedi, wato itacen dogon yaro, a bakin hanyar Takanamat, ya tare yashi, nan gaba kuma gari ya sami itacen wuta. Ya zana abinsa a takarda: bedi dubu tara, sahu casa'in, kowane sahu guda ɗari, mita uku tsakanin itace da itace. Manzo ya shuka irin, ya rene su shekara cur da ruwan rijiyar da sai an saki igiya gaba ashirin. Gara ta ci wasu, zafin bazara ya ƙone wasu, awaki suka fasa shinge sau ɗaya.

Ranar wata Lahadi ta watan Yuli 1964 aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Litinin shef ya ce a tumɓuke. Yadda ake yi, a tumɓuke ɗan bedin, a datse kansa, a datse saiwarsa, a ɗaure hamsin-hamsin, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Daga ranar da aka tumɓuke su, mako guda ne iyakar haƙurinsu. An riga an gaya wa masu unguwanni su fito da gayya ranar Laraba. Aikin Manzo shi ne ya ƙulla igiyar awo, ƙulli guda a kowace mita uku, ya kafa turaku a iyakar filin, domin a wurin kowane ƙulli ake gina rami.

Da la'asar muka gama ƙirga. Ɗauri ɗari da saba'in da biyu, da wani ƙaramin ɗauri mai talatin da uku. Na rubuta a rajista: 8,633.

Na ce, "Ba wuya, Kafaran. Sahu tamanin da shida na ɗari-ɗari, talatin da ukun su zama sahun ƙarshe."

Ya ce, "Guntun sahu ke nan."

"Guntu ne. Itace bai san guntu ba."

"Ni na sani."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Ya naɗe igiyarsa ya rataya a kafaɗa.

"Ba ni jan igiya ga guntun sahu, ɗan mishan. Can Indoshin, in anka jera mu da sahe kag ga sahu guntu, to wani na bai komo ba. Shekara huɗu ina kallon wanga abu. Ba ni dasa shi da hannuna, in riƙa wucewa ina ganinai har mutuwata. Kai da kay yi karatun lakkwal, raba su daidai."

Talata tun da safe na zauna a biro, wato ofishinmu, da fensir da kaye, littafin rubutuna. Abin da nake nema shi ne lambobi biyu waɗanda in an ninka ɗaya da ɗaya za su ba da 8,633 cif. Lambar mara ce, ba cika ba, saboda haka biyu da huɗu da shida da takwas duk sun fita. Na tara alƙalumanta, takwas da shida da uku da uku, suka ba ni ashirin, to uku ba ta raba ta, tara ma haka. Ba ta ƙare da biyar ko sifiri ba. Na raba da bakwai, saura biyu. Sha ɗaya, saura tara. Sha uku, saura ɗaya, kuma ko da ta shiga, sahu goma sha uku sai sun miƙe kusan kilomita biyu, ba mu da irin wannan fili.

Baturiyar ta koya mana ƙa'idar wannan aiki. Ba kowace lamba ake gwadawa ba, sai waɗanda su kansu ba sa rabuwa: sha bakwai, sha tara, ashirin da uku, haka haka. Kuma ba a tsayawa sai amsar da ke fitowa ta kasa lambar da ake rabawa da ita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace na sake ta sau biyu, gumi yana ɗiga a kan kayen. Kafin azahar na yi rabawa ashirin da biyu, kowace da saura. Ta ashirin da uku ita ce tamanin da uku. Ta ba ni ɗari da huɗu, saura ɗaya.

Sahu tamanin da uku, kowane ɗari da huɗu, ya dace da filin kamar an auna. Ɗari da huɗu ta fi tamanin da uku, wato ƙa'ida ta ce in ci gaba. Na sani sarai. Amma itace ɗaya tak ya rage, wane mai hankali zai tsaya a kan itace ɗaya? Na rufe kayen na nufi lambu.

Na tarar da Manzo yana yayyafa wa buhunan ruwa. Na gaya masa.

Ya ce, "Gudan hwa?"

"Ka dasa shi a ƙofar gidanka. In ba ka so, ni in kai nawa gidan."

"Na gomnati na."

"To a dasa shi a gefe."

"Waje ga sahu, shi ɗai, awa wanda anka kora? Awaki su cinye shi kahin sati."

"To mu ce ya mutu, Kafaran. Ɗari uku da sittin da bakwai sun riga sun mutu, wa zai yi kukan na sittin da takwas?"

Ya ajiye gwangwanin. Ya kwance ƙaramin ɗaurin nan, ya shimfiɗa su talatin da uku a gabana, a jere, kowane da ɗanyen ɓawonsa.

"Ga su nan. Zaɓi wanda za ka kashe."

Raina ya ɓaci. Na ce masa lambar nan tana cikin waɗanda Faransawa ke kira nombre premier, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. In yana son daidai, sai ya yi sahu guda ɗaya mai tsawon kilomita ashirin da shida, ya bi shi da jaki yana ban ruwa.

Ya ce, "Ka gwada duka?"

Na ce, "Duka."

"Babu lambar da ba ta rabuwa."

"Raba mini bakwai."

"Bakwai yarinya ta. Wagga ta girma, ba ta rasa inda za ta rabu."

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Akwai lambobin da suka fi tasa girma nesa ba kusa ba waɗanda ba sa rabuwa, kuma ba su da iyaka. Na yi shekaru ina ƙoƙarin fahimtar da shi haka, ban ci nasara ba ko sau ɗaya.

Laraba da hantsi gayya ta fito, mutum wajen ɗari uku da hauyoyi da dagi, har da makaɗa. Suka tarar da fili fayau, ba turke, ba igiya. Shef Attahiru ya sauko daga motar kamiyo, ya dubi filin, ya dubi masu unguwanni da ke tsaye suna jiran a nuna musu inda za su soma. Ya kira Manzo a gaban jama'a ya ce ya miƙo makullin lambu, aikinsa ya ƙare daga yau. Manzo ya ƙame kamar a fareti, ya sa hannu a aljihu.

Sai na ji bakina yana cewa laifina ne. Na ce ina shakkar ƙidayar da na rubuta, ni na hana Kafaran jan igiya sai na sake dubawa. Har yau ban iya faɗin abin da ya sa ni ba. A duk filin nan ba wanda ya kai ni jin haushinsa. Amma shekara guda ina ganinsa ta tagar biro yana jan guga, kuma na san yana da ƴaƴa biyar, ba shi da gona a Tawa.

Shef ya wanke ni tas a gaban mutane, da Faransanci ya soma ya ƙare da Hausa don kowa ya ji. Ya ba masu unguwanni haƙuri, suka yarda su komo Asabar. Ya ce in Asabar ta zo ba igiya, Manzo zai tafi ko laifin wa ne. Ni kuma a ranar ya buga mini takardar gargaɗi, ya karanta mini, ya sa a aljihun teburinsa. Ƙarshen wata za ta tafi Yamai ta shiga takarduna, a daidai shekarar da nake jiran a tabbatar da ni a aiki.

Na ɗauka Manzo zai yi mini godiya. Da muka haɗu a bakin rijiya, cewa ya yi, "Ƙarya gaban mutum ɗari ukku. Haka anka koya muku can mishan?"

Daga nan ya shiga nasa lissafin. Ya shimfiɗa tabarmi a bayan lambu, ya sa leburan suka ƙirga masa ƙwayar dawa 8,633, ya soma jerawa, sahu na sittin-sittin, na saba'in-saba'in, yana rushewa yana sakewa. Ya tafi sallar la'asar, kajin mai gadi suka sauko. Da ya komo, ya tarar da kaji shida a tsakiyar rundunarsa, ya bi su da hula har bakin hanya.

Alhamis ya zo da wake. Wajen hantsi matarsa Tani ta shigo lambun da ƙwarya a kai, ba ta ko dube shi ba, ni ta nufa.

"Malam Illa, ina kwana. Ka ga abin da abokinka ka yi? Waken da nika dahwa ma yara yak kwashe, wai soja na."

"Ba abokina ba ne, Inna Tani. Jarabata ce."

"Kai shekara ukku kay yi da ita, ni ashirin."

Ta durƙusa ta tattare wakenta har ƙwaya ta ƙarshe, shi kuwa yana tsaye yana kallon sama. Bayan ta fita ya tura leburan tudu su ɗebo tsakuwa, abin da Adar ba ta taɓa rasawa ba. Yinin ranar duk a ƙirgar tsakuwa ya tafi. Da yamma na ɗaga buhu ɗaya na duba. Ɓawon na gefe-gefe ya soma yamutsewa. Na nuna masa, na ce saboda itace ɗaya zai kashe dubu takwas. Ya ƙara wa buhun ruwa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na nufi lambu da niyyar gaya masa ta ƙarshe: ko ya karɓi tamanin da uku, ko ni da kaina in sa lebura su ja igiyar, karkatacciya ko madaidaiciya. Na same shi a shararren fili, tsakuwa shimfiɗe a gabansa kamar tabarmar masallacin idi. Tun asuba yake jerawa. Wannan karon ya bar gwaje-gwajen kara-zube, ya jera su yadda ake jera bataliya, tsawo da faɗi ɗaya.

Ya ce, "Zo ka gani, amma kak ka taka min mutane."

Casa'in da uku ta kowane gefe ya yi, sai tsakuwa ta ƙare masa saura gurbi goma sha shida. Wani zai bar giɓin duka a sahun ƙarshe. Shi ya ce bai kamata sahu guda ya ɗauki kunyar shi kaɗai ba, sai ya raba ta wa sahu huɗu na baya, kowane ya rasa huɗu. Giɓin ya taru a kusurwa ɗaya, huɗu ta nan, huɗu ta can.

"Ƙirga min sahun da sunka cika," in ji shi.

Na ƙirga. Tamanin da tara.

"Ƙirga mutanen guntun sahu guda."

Casa'in da uku a cire huɗu. Tamanin da tara.

"Gomiya tara ba ɗaya, nan da can. To mi aka yi ma sahu huɗu da ba su cika ba? A ce musu su juya dama, su tahi gehe."

Ya duƙa ya kwashe guntun sahu na farko, ya jera shi a tsaye a gefen rundunar, tsakuwa ɗaya a ƙarshen kowane cikakken sahu. Tamanin da tara suka shiga tamanin da tara, ba ragi ba ƙari. Ya yi wa na biyu haka, da na uku, da na huɗu. Ya ɗauki lokaci, don ba ya yarda tsakuwa ta kauce ko da faɗin yatsa, ni kuwa ina tsaye a rana ina kallo. Da ya miƙe, kowane sahu ya ƙaru da huɗu, kusurwar nan ta ɓace.

"Sahu gomiya tara ba ɗaya, kowane ɗari ba ukku. Duba ga takardarka."

Na zaro fensir na ninka tamanin da tara da casa'in da bakwai a bayan ambulan. 8,633. Tamanin da tara ita ce lambar da ke bin tamanin da uku a jerin da nake gwadawa, kuma ita ce ta ƙarshe da ƙa'ida ta ce in gwada. Rabawa ɗaya ta rage mini ranar Talata, aikin minti biyu.

Ya ce, "Kac ce ka gwada duka."

"Na ce."

"To."

 Ya miƙo mini bakin igiya, muka zauna a inuwa muna ƙulli casa'in da bakwai, yana kwance nawa yana sakewa wai sun yi sako-sako. Kafin magariba mun kafa turaku.

Asabar gayya ta komo, ko da yake ba ta kai ta Laraba yawa ba. Manzo yana riƙe da baki ɗaya na igiya, babban leburansa yana ɗaya bakin, a gina rami a kowane ƙulli, a dasa, a taka, a matsa mita uku. Sau tamanin da tara aka ɗaga igiyar nan. Ba zan ɓoye ba, jinkirin ya yi ɓarna: ɗari biyu da goma sha ɗaya ba su kama ba, sai a damina ta gaba ya cike gurabensu, kuma ko sau ɗaya bai yarda cewa taurin kansa ne ya kashe su ba. Amma a ranar ba wanda ya san haka. Da la'asar aka sa na ƙarshe a ramin ƙarshe, buhuna suka zama wayam.

Shef Attahiru ya zaga filin da ƙafa, ya tsaya a kusurwa ya hangi sahun ta tsawo, ya hanga ta faɗi, ya hanga ta karkace. Ya tambayi nawa suka rage, aka ce babu. Ya ciro nasa fensirin ya ninka, ya ɗaga kai.

"Wa ya fitar da wannan? Ni da na ga lambar a rajista na ɗauka ba ta rabuwa."

Ina tsaye a bayan Manzo. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Malam Illa na, shef. Kwana ukkun da yab biɗa, abin da yay yi da su ke nan. Ni igiya ɗai nika ja."

Ranar ce farkon jin sunana a bakinsa. Shef ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya hau kamiyo. Litinin da safe ya kira ni biro, ya buɗe aljihun tebur, ya yaga takardar gargaɗin gida huɗu a gabana, ya ce wata rana in zan yi irin wannan aiki in riƙa faɗa masa tun da wuri.

Na fita na sami Manzo a gandun, yana bin sababbin dashen yana danna ƙasa da diddige. Na ce masa abin da ya gaya wa shef ba gaskiya ba ne, kuma shi ne ya yi mini gorin ƙarya ranar Laraba. Bai ɗago ba. Ya ce bai san zancen da nake yi ba, in matsa, na tsaya masa a kan sahu.